AIBIN DA IDO BA YA GANI: DARASIN DA NA KOYA A CINIKIN GIDAN MAHAIFINMU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mamallakin ƙasa da abin da ke bisanta da abin da ke binne a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin in yanke shawarar rubuta ta, domin akwai tonon asirin kaina a cikinta, kuma ɗan Adam ba ya son a ga inda ya yi tuntuɓe. Labarin cinikin gida ne, gidan ƙasa mai ɗaki huɗu da zaure da rumbu biyu a Tungar Daji, cikin ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara. A wurin masu hali wannan gida bai taka kara ya karya ba. Amma a kansa ne na gane cewa karanta babin ciniki a gaban malam abu ne mai sauƙi, tsayuwa kuwa gaban mai saye alhali kuɗinsa na hannunka kuma bashi na wuyanka, wannan wani karatu ne daban.

ABIN DA YA FAƊA WA GARINMU

Wanda bai san Tungar Daji ba, wataƙila ya taɓa jin sunanta a rediyo a shekarar 2010. A shekarun da suka gabaci wannan, farashin zinare ya tashi a duniya, mutanenmu kuwa manoma ne da ba su da abin yi da rani, sai aka dunguma ramukan haƙa. Ana ɗebo duwatsu a buhuna a kawo cikin gari, a fasa, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, mata su daka a turmi a tsakar gida, a wanke, a shanya. Abin da ba mu sani ba shi ne dutsen da ke ɗauke da zinaren yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ƙurar ta sauka a daɓen ɗaki, da bakin murhu, da inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Sai yara suka fara amai da zazzaɓi da jijjiga, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ana cewa iska ce, ana cewa sanƙarau ne. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyukanmu, bincike kuma ya tabbatar da cewa gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu a Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. A gidanmu mun binne 'yar ƙanena, ba ta cika shekara biyu ba. Allah Ya sa mai ceto ce.

Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro maganin fitar da guba daga jini in har zai koma kan ƙasar da ta ba shi gubar. Don haka aka yi aikin kwashe ƙasa gida-gida, tare da ƙwararrun wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan muhalli na jiha. Ana kankare saman ƙasa kimanin santimita 5, a zuba a buhuna a kai rami bayan gari a binne, a kawo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa, a auna da na'ura. An yi na Tungar Daji tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuwa sai a 2013 aka samu kuɗin yin nata. Gidanmu na cikin waɗanda aka tsabtace, kowa a garin ya san haka.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. A 2012, bayan daminar da ba ta yi kyau ba, ƙanena ya koma haƙa. Don tsoron ɓarayi a wurin niƙa na bayan gari, sai ya riƙa shigo da buhunan dutse da dare yana ajiyewa a ɗakin ƙuryar gida, wani lokaci ma ya daka a ciki. An yi watanni a haka kafin mahaifinmu ya gano, ya yi faɗan da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, ya sa aka fitar da komai. Aka share ɗakin, aka yi sabon daɓe, aka ja ƙofa. Ba wanda ya sake auna shi. Ita kuwa dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ba ta da launin da ido zai rarrabe ta da ƙasa. Inda ta zauna, nan za ta zauna shekara da shekaru.

RANAR DA MAI SAYE YA ZO

Mahaifinmu ya rasu a 2016, Allah Ya gafarta masa. Ya bar mahaifiyarmu da mu 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu, ya kuma bar bashin jinya. Na ɗauko Inna ta dawo wurina a Anka, ƙanena ya riga ya gina nasa, gidan ya zama kango. A 2017 masu bashi suka fara sallama a ƙofata da sassafe, sai na ba wani dillali cigiya.

Ba a yi wata guda ba ya zo da wani tela daga wajen Gummi, wanda yake son ya zauna kusa da mahaƙa saboda ana samun ciniki. Yana da mata ɗaya da yara huɗu, ƙaramar tana rarrafe. Mutumin ya yi duk abin da mai hankali ke yi. Ya ƙwanƙwasa bango, ya duba azara ko gara ta ci, ya kalli indararo da inda ruwa ke bi, ya taka iyakar gidan da ƙafarsa. Da muka iso ɗakin ƙurya sai ya ce wannan ya yi daidai da uwargida da yara, don ya fi sanyi. Sannan ya juyo ya tambaye ni: “Malam, an ce an kwashe ƙasar garin nan. Har da gidan nan?”

Na ce masa, “An kwashe.”

Kalmomi biyu ne, kuma babu ƙarya a cikinsu in an bi harafi. Amma na san abin da yake tambaya, na kuma san abin da na bar shi ya fahimta. Ya taya naira dubu 450, na sallama, ya ba da dubu 50 kafin alƙalami, muka sa ranar Juma'a mai zuwa don cikawa da rubuta takarda.

Da dare na tafi wurin malamina a Anka don ya tsara mini takardar cinikin. Dattijo ne da ya yi shekaru yana aikin rajistara a kotun shari'a kafin ya aje aiki, ya san littattafan Malikiyya, ya kuma san dokokin gwamnati. Na ɗauka aikin minti goma ne. Sai ya aje alƙalami ya ce, “Ɗana, kafin in rubuta harafi ɗaya, zan yi maka tambaya uku.”

TAMBAYA TA FARKO: GIDAN NA WA NE?

Na ce, “Allah gafarta Malam, na mahaifinmu ne, ni ne kuma babba.”

Ya ce girma ba ya mallaka wa mutum rabon ƙannensa. Tun ranar da mahaifinmu ya cika, gidan ya zama na magada duka bayan an fitar da bashi da wasiyya: tumuni na Inna, saura a raba tsakaninmu, namiji na da rabon mata biyu. In na sayar ban da yardarsu, a mazhabarmu cinikin yana nan a rataye, in sun amince ya tabbata, in ɗaya ta ƙi rabonta bai sayu ba. In kuma rabona kaɗai na sayar wa bare alhali ba a raba gidan ba, abokan tarayyata suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya mai sayen abin da ya biya su karɓe rabon. Ya ƙara da cewa a wurin Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, kuma wanda yake gari ya ji labari ya yi shiru har kimanin shekara, haƙƙinsa ya faɗi.

Ya ce mini yawancin shari'un gida da gona da ya gani a kotu daga nan suke tasowa. Yaya ya sayar, ƙanwa tana gidan aure a wani gari ba a ko aika mata ba, ta yi kawaici don zumunci, bayan shekara ashirin 'ya'yanta su taso su ce ina rabon uwarmu. A lokacin shaidu sun mutu, mai saye ya gina, sai a shiga maganar hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum, wanda malamai suka ƙayyade shekara 10 tsakanin bare da bare, amma tsakanin dangi yakan kai 40 saboda an san kunya ke hana su magana. Ni kuwa ga ƙanwata tana aure a Bukkuyum, ban ma gaya mata an taya gidan ba. Na sunkuyar da kai.

TAMBAYA TA BIYU: ME KA SAYAR MASA?

Na ce gida da filinsa. Ya yi murmushi ya ce a dokar ƙasa ba ni da filin da zan sayar. Tun ranar 29 ga Maris 1978 da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, dukkan ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama da amfani ne. A birni gwamna ke ba da shi, a karkara irin tamu kuwa ƙaramar hukuma, kuma dokar ta ce ba a miƙa wannan haƙƙi ga wani sai da amincewar hukumar da abin ya shafa, in ba haka ba cinikin na iya rushewa. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa sharaɗin neman amincewar gwamna a 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo. Mutanenmu sun saba da sa hannun mai gari da shaidu, wannan yana da kyau kuma yana da amfani a gaban alƙali, amma kammalar abin ita ce a kai takarda ƙaramar hukuma.

Ya ce kada in ɗauka wannan tunani baƙo ne a ƙasar nan. Kafin dokar 1978 akwai Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, kafin ita akwai shelar Turawa ta 1910, kafin zuwan Turawa kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa. Game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa, Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun sa zinare da sauran ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya ko da a gonarka suke, kuma mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne al'amarin ma'adinai na shugaba ne. A nan dokar gwamnati da littafin fiƙihu sun yi kusa da juna.

Sai ya tuna mini da labarin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na mutum biyu daga mutanen da suka gabace mu. Ɗaya ya sayi fili, ya tarar da tulun zinare a binne, ya mayar wa mai sayarwa yana cewa shi ƙasa ya saya. Mai sayarwa ya ƙi karɓa, yana cewa ya sayar da ƙasar da duk abin da ke cikinta. Wanda suka kai wa ƙara ya sasanta su da aurar da 'yar ɗaya ga ɗan ɗaya, a ciyar da su daga dukiyar a kuma yi sadaka. Malam ya ce, “Dubi waɗannan bayin Allah, alheri ne a ɓoye cikin ƙasa amma kowa na ture shi ga ɗan'uwansa don tsoron haƙƙi.” Ban san ko ya ji wani abu ba, ko kuwa Allah ne Ya sa maganar a bakinsa. Ni dai gabana ya faɗi, domin ni ma akwai abin da ke ɓoye cikin ƙasar da na sayar, kuma ina shirin ture shi ga ɗan'uwana.

TAMBAYA TA UKU: ME KA SANI WANDA SHI BAI SANI BA?

Na yi shiru har ya maimaita. Daga nan na kwashe labarin ɗakin ƙurya na gaya masa, na kuma shiga kawo hanzari. Na ce shekara biyar ke nan, an yi sabon daɓe, wataƙila babu komai. Na ce mutumin ya duba gidan da idonsa, ba cinikin biri a sama muka yi ba. Na ce ko a kotun gwamnati an san cewa mai saye shi ke da alhakin buɗe idonsa.

Malam ya ce haka ne, a dokar da muka gada daga Ingila nauyin binciken lafiyar gini yana kan mai saye, ko da yake ita ma ba ta yarda mai sayarwa ya yaudare shi da amsar da ya tambaya ba. Amma shari'ar Musulunci ta ɗora nauyin bayyanawa a kan wanda ya sani. Ya kawo labarin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tuhume shi a kan me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a inda mutane za su gani ba, ya kuma barrantar da kansa daga mai ha'inci. Wancan mutum bai furta ƙarya ba, tsara kayansa kawai ya yi yadda ido zai faɗa kan mai kyau. Ya kuma tunatar da ni hadisin da ya nuna cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, ɓoyewa da ƙarya kuwa suna shafe ta.

Sannan ya shiga bayanin da ban taɓa mantawa ba. Ya ce malaman Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage daraja, wannan ba a waiwayarsa. Akwai matsakaici, wanda ake rage wa mai saye kuɗi gwargwadonsa. Akwai kuma babba, kamar tsagewar bangon da ake tsoron rushewarsa, wanda ke ba mai saye damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa rijiya mai zartsi a garin da ruwansa ke da daɗi cikin abin da ake mayar da gida saboda shi. Ibnu Asim na Andalus, mai Tuhfatul Hukkam wadda alƙalanmu ke aiki da ita har yau, ya sa yawan kuɗin cizo cikin aibobin gida da ke jawo mayarwa. Ya ce faɗar “ka saya yadda ka gani” ba ta kuɓutar da mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, in kuɗin cizo da ke hana barci aibi ne, me za ka kira abin da ya kashe 'yar ƙanenka?”

Ban iya amsawa ba. Na tuna yarinyar telan tana rarrafe a zaure ranar da suka zo, tana tsintar tsakuwa tana kaiwa baki, uwar tana ƙwacewa. Na tuna likitoci sun gaya mana cewa yaron da gubar ba ta kashe ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwarsa. Kuma babu alƙalin duniya da zai kama ni, domin ba wanda zai iya tabbatar da cewa na sani. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni a daren nan.

ABIN DA GASKIYA TA CI MINI

Ba zan ce na tashi da asuba da ƙarfin zuciya ba. Kwana uku na yi ina kai-kawo, Shaiɗan na lissafa mini masu bashi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis na hau babur na sami telan na gaya masa komai a gaban dillali. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, “Malam, ɗakin nan fa shi na zaɓa wa ɗiyana.” Ya nemi kuɗinsa, na mayar masa, ya yi mini addu'a a taƙaice ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Dillali ya fusata don la'adarsa ta tafi, ya ce wa ya aike ni, ya ce malanta ta yi mini yawa. Labari ya bazu a gari, gidan da aka sani da tsabta ya koma gidan da ake nunawa da baki. Ƙanena ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, yana ganin na tona masa asiri, kuma ta wata fuska yana da gaskiya, domin ya kamata in fara zama da shi kafin in je wurin bare. Wannan kuskurena ne, na kuma nemi gafararsa.

Wata takwas gidan yana zaune ba mai tayawa. A ƙarshe muka rushe ɗakin ƙurya, muka kwashe ƙasarsa da tubalinsa zuwa bayan gari, muka roƙi ma'aikatan muhalli da ke zagayawa da na'urar gwajin ƙasa suka auna wurin. Ɗan maƙwabcinmu, wanda ya san komai tun farko, ya saya a kan naira dubu 300. Bashin bai biyu duka ba sai da na haɗa da amfanin gonata na shekara biyu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka duk wanda ya faɗi gaskiya a ciniki zai ga ribarta a aljihu kafin rana ta faɗi. Wani lokaci asara ce tsagwaronta a lissafin duniya, sakamakon yana wurin Wanda ba Ya mantuwa.

A wannan karon Malam ya rubuta takarda. Ya sa sunayen magada duka, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, har ƙanwata ta zo daga Bukkuyum da mijinta. Ya rubuta iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, da kuɗin da aka biya, da ranar biya, da shaidu biyu adilai, da hatimin mai gari, muka kai ƙaramar hukuma. A tsakiyar takardar kuma ya rubuta tarihin ɗakin ƙurya filla-filla, da cewa mai saye ya ji ya gani ya yarda. Ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, alhali sahabbai ne ake wa magana, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

RANAR DA NA ZAMA MAI KARƁA

Allah cikin hikimarSa Ya ɗanɗana mini ɗaya gefen. A farkon 2022, bayan hare-haren 'yan bindiga na watan Janairu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane suka yi ta kwarara cikin garin Anka, ɗakin haya ya yi wuya, kuɗinsa ya tashi. Ƙanena da iyalinsa na cikin waɗanda tsoro ya taso. Na samo musu ɗaki biyu, na biya kuɗin shekara, kuma don gaggawa ban nemi ko guntuwar takarda ba, ni da na sha wancan karatu. Bayan wata huɗu wani mutum ya zo ya ce ya sayi gidan, su tashi kafin ƙarshen mako. Ashe mai gidan ya ɓoye mana cewa gidan na kasuwa, ya kuma ɓoye wa mai sayen cewa akwai hayar shekara a kansa.

A fiƙihunmu haya ƙulli ne mai lazimtar ɓangarori biyu in an san kuɗi an san wa'adi, sayar da gida ko mutuwar mai shi ba ta warware ta. A dokokin haya na galibin jihohin ƙasar nan kuma, in ba a yi wata yarjejeniya daban ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin sanarwar wata 6, mai hayar wata yana da ta wata guda, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da mutum. Amma haƙƙin da ba ka da hujjarsa kamar tsuntsu ne a sama. Abin da ya cece mu shi ne mutum biyu da suka ga lokacin da na ƙirga kuɗin, suka tsaya gaban mai unguwa suka ba da shaida, aka yi sulhu suka cika wa'adinsu. A ranar na ji a jikina irin zafin da telan nan zai ji da na bar shi ya gano da kansa, alhali nawa bai wuce kuɗin wata takwas ba, nasa kuwa da ran 'yarsa ne.

NASIHA GA KAINA DA 'YAN'UWA

Maganar dalma ba ta zama tarihi ba. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba 2024, ƙungiyar MSF kuma ta miƙa aikin kula da gubar dalma ga hukumomin jiha a 2022. Duk inda talauci da tsoron ɓarayi suka haɗu, dutse zai iya sake shiga ɗaki da dare. Don haka ya kai mai sayen gida ko mai kama haya a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, ka ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ka saba: an taɓa ajiye dutse ko daka shi a gidan nan, kuma yaushe? Ka yi ta a gaban shaidu, a rubuta amsar.

Kai kuma da kake nesa da ƙasar zinare, kada ka ce ba da kai ake ba. Kowane gida da nasa ɗakin ƙuryar. Wani ruwa ke cinye shi duk watan Agusta amma sai da rani ake kai mai saye. Wani an yi masa fenti a kan tsagewa. Wani takardarsa na jingine a banki, wani akwai marayu da ba a ba su rabonsu ba, wani filin an sayar wa mutum biyu, wani an matsar da iyakarsa taƙi guda cikin na maƙwabci, alhali hadisi ya tabbata cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai ranar alƙiyama. Dillali ma ya ji tsoron Allah, domin wanda ya san aibi ya rufe don la'ada ya yi tarayya a cikin zunubin.

Ma'aunin da Malam ya bar mini, Allah Ya saka masa da alheri, mai sauƙi ne: duk abin da ka san cewa da mai saye ya ji shi zai fasa ko ya rage kuɗi, wajibi ne ka faɗa masa ko bai tambaya ba, kuma ka faɗa dalla-dalla, ban da dunƙule magana. Har yau in na tuna “an kwashe” ɗin nan da na faɗa a bakin ɗakin ƙurya, sai in yi istigfari, domin kwana uku na yi ina ɗauke da ita kafin Allah Ya ƙwace ni.

Ya Allah Ka jiƙan yaranmu da suka riga mu, Ka ba iyayensu haƙuri, Ka ba waɗanda gubar ta taɓa lafiya. Ya Allah Ka dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da sauran ƙasarmu, Ka mayar da kowa gidansa. Ka wadatar da mu da halal ɗinKa ga barin haram, Ka sa mu bar duniya babu taƙin ƙasar kowa a wuyanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare ni ne, kuma duk mai irin wannan matsala ya tuntuɓi malamai da masana doka na kusa da shi kafin ya sa hannu. Allah Shi ne Mafi sani.